Biki Ya Tashi, Juji Ya Ƙoshi



Wanda yake son ya san halin da walimarmu ta zamani take ciki, kada ya je lokacin da ake kiɗa da liƙi da ɗaukar hoto. Ya yi haƙuri sai taro ya watse, sa'annan ya zagaya bayan kowane babban zauren biki a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ko Abuja. Zai tarar da faranti bisa faranti na shinkafa da aka taɓa cokali biyu aka ture, da cinyoyin kaji da aka gatsa sau ɗaya aka ajiye, da robobin ruwa da na lemo waɗanda aka kurɓa aka bari. A gefe kuma ga kuloli da ba a ko buɗe ba, abin da ke ciki ya fara yami saboda tun hantsi aka sauke shi. Kafin asuba za a haɗa wannan duka, mai kyau da maras kyau, a ɗura a buhu a kai juji. Abin da ya tsere wa tsintsiya, wato ledar fiya wata da robar tekawe da cokulan roba da takardar goge hannu, iska za ta raba shi ga titi da lambatu da ƙofofin gidajen mutanen da ba a ma gayyace su ba.

Da a ƙasar da kowa ya kwana da ƙoshi ake wannan, da sai mu ce sakaci ne kawai. Amma mun san inda muke. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashinsa ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A ƙarshen waccan shekarar, binciken da gwamnati ke yi tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashen cewa mutum miliyan 33 za su fuskanci matsananciyar yunwa a daminar 2025, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu a Arewa suke. Ba mu manta da watan Disamban 2024 ba, lokacin da turereniya wajen rabon abinci da kyaututtuka ta ci rayukan mutane fiye da 60 a Ibadan da Okija da Abuja cikin 'yan kwanaki, da yawansu ƙananan yara. Shinkafar da wasu suka mutu wajen neman mudu guda nata, ita ce muke juyewa a bola kowane daren Asabar.

Matsalar ta duniya ce, kuma an auna ta. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2024 wanda ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya isa hannun masu ci, alhali mutum miliyan 783 suna fama da yunwa. Kashi 60 cikin 100 na wannan asara a gidaje take faruwa, kashi 28 kuma a wuraren da ake dafa wa jama'a abinci, irin otal-otal da gidajen abinci da wuraren taro. Rahoton ya kuma rushe zaton da aka daɗe ana yi cewa zubar da abinci ciwon ƙasashe masu arziki ne kaɗai, domin tazarar da ke tsakaninsu da masu tasowa a wannan fanni ba ta taka kara ta karya ba.

To, me ya sa mutumin da ya san zafin nema zai biya kuɗin abin da ya san rabinsa juji zai tafi? Amsar tana cikin kalma guda: gori. A wurinmu, biki zai iya yin kyau ta kowace fuska, amma idan mutum goma suka tashi ba su samu faranti ba, abin da za a riƙa tunawa shekara da shekaru shi ne "abinci bai kai ba". Uwar amarya ta san haka, uban ango ma ya sani. Don haka idan ana sa ran mutum ɗari uku sai a yi odar ɗari biyar, a sayi kwanciyar hankali da abincin mutum ɗari biyu. Ba a taɓa jin an goranta wa wani cewa abincin bikinsa ya yi ragowa ba, sai ma a ce arziki ya nuna kansa.

A kan wannan tsoro ne sauran dalilan suka hau. Na farko, ba mu ƙirga baƙi. Katin gayyata yana yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya, wanda aka gayyata bai ce zai zo ko ba zai zo ba, 'yan gayyar soɗi kuwa ba su da adadi, saboda haka mai biki yana dafawa ne a cikin duhu. Na biyu, bikin ya yi rassa: kamu da yini da walima da dina da buɗar kai, kowanne da nasa girki, kuma kusan mutanen jiya su ne na yau. Na uku, rashin kiyaye lokaci. An rubuta ƙarfe bakwai a kati, amarya ba ta iso ba sai goma, abinci kuwa tun azahar yake zaune a kula. Lokacin da za a raba shi wasu sun ci a gida, wasu sun kama hanya, haɗin kabeji da bama ya riga ya sauya ɗanɗano. Na huɗu, yadda ake zubawa. Faranti guda za a ɗora masa dafa-duka da soyayyiyar shinkafa da naman kaza da na sa da waina da dambu, a miƙa wa dattijo mai ciwon suga irin wanda aka miƙa wa saurayi, a kuma ba yaro ɗan shekara biyar irinsa. Inda kuma aka ce kowa ya ɗiba da kansa, sai ido ya riga ciki. Na biyar, ita mai kwangilar girki da yawan faranti ake biyanta, don haka babu abin da zai sa ta ce wa mai biki odar ta yi yawa. Tarukan bita na hukumomi da ƙungiyoyi a otal-otal sun fi muni ta wannan fuskar, domin adadin da ke cikin takardar kasafi ake dafa wa, ko da rabin kujerun babu kowa a kansu.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, wannan hali baƙo ne a gidan Bahaushe. Harshenmu kansa shaida ne. Al'ummar da ta raɗa wa tuwon jiya suna ɗumame, ta kira abin da ya kama a gindin tukunya ƙanzo, ta jiƙa shi ta ci da ƙuli-ƙuli da mai, ba al'ummar da ta saba zubar da abinci ba ce. Biki a da a cikin gida ake yinsa, a tsakiyar unguwa. Idan an sauke tuwon biki, yara ne za a gani suna karakaina da kwanuka gida-gida, har gidan tsohuwar da ba ta iya fitowa da na mai jego da na malamin tsangaya. Abin da ya ragu a akushi almajiri na bakin zaure. Abin da ya wuce cin mutum na kaji da awaki ne. Abin da ya wuce dabba ya tafi juji, kuma jujin ma ba ƙarshen tafiya ba ne: manoman ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun shahara tun da daɗewa da shigowa da jakai da mangala suna kwasar takin birni zuwa gonakinsu, abin da ya taimaka wa ƙasar ta ci gaba da ba da amfani shekara bayan shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Daga tukunya zuwa gona, daga gona zuwa tukunya, kowane abu yana da mai jiransa.

Abubuwa biyu ne suka tsinke wannan igiya. Ɗaya shi ne ƙaurar da biki ya yi daga tsakar gida zuwa zauren haya, mai katanga da masu gadi, nesa da maƙwabtan da a da suke karɓar kwano. Ɗayan kuma shi ne maye gurbin kwano da langa da ƙwarya da roba da leda. Kwano ana wanke shi a mayar wa mai shi, robar tekawe kuwa ba ta da mai ita da zarar an gama ci. Ba ina kiran a koma dafa tuwon biki a kan murhun duwatsu ba ne, garuruwa sun cika, gidaje sun matse, zauren haya ya zama larura. Abin da nake cewa shi ne mun ɗauki sabon wuri amma mun bar tsohon tsari a baya, ba mu kuma yi wani a madadinsa ba.

Ita sharar biki illarta ta wuce munin gani. Leda da farar robar nan mai kama da soso ba sa ruɓewa kamar ganye ko takarda. Suna tafiya lambatu su toshe shi, idan damina ta sauka ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan talakawa, wanda ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. Akuya da saniya suna bin ƙanshin mai da gishiri su haɗiye ledar, kuma duk mahaucin da ka tambaya zai ba ka labarin dunƙulen leda da yake cirowa daga tumbin dabbar da aka rasa dalilin ramewarta. Manomin da yake sayen takin birni yanzu sai ya tsince leda kafin ya baza. Idan aka cinna wa juji wuta, hayaƙin roba ya shiga ƙirjin yara da tsofaffi. Shi kansa abincin da ke ruɓewa a tsibi yana fitar da iskar da ke ƙara ɗumamar yanayi, har masana suka ƙiyasta cewa asarar abinci da zubar da shi na da alhakin kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na irin wannan iska a duniya. Wannan ce ta sa Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta haramta waccan farar roba a watan Janairun 2024.

Wani zai ce, kuɗina ne, guminsa na ci, kuma karamci gadonmu ne. Gaskiya ne karamci gado ne, kuma babu mai son a wayi gari Bahaushe yana ƙirga lomar baƙonsa. Sai dai ana auna karamci ne da cikin da ya ƙoshi, abin da ya tafi juji kuwa bai karrama kowa ba. Kuɗin naka ne, amma abincin ya ci haƙƙin mutane da yawa kafin ya iso farantinka. Kilo guda na shinkafa yana shan ruwa kimanin lita 2,500 kafin ya nuna. Akwai manomin Kura ko Haɗeja ko Argungu da ya tsaya cikin laka, ya sayi taki da tsada, ya kori tsuntsu, a wasu yankunan ma ya yi noman yana waiwaye saboda 'yan bindiga. Addini kuwa bai bar mu cikin duhu ba. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta kuma hana wuce iyaka, ayoyi na 26 da 27 a Suratul Isra'i sun yi kakkausan gargaɗi ga masu almubazzaranci. Manzon Allah (SAW) ya umarci Abdurrahman bin Auf da ya yi walima ko da da akuya guda ce, an kuma ruwaito zargi a kan walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, haka nan an lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. 'Yan uwanmu Kirista ma suna karantawa a cikin Linjila cewa bayan an ciyar da mutum dubu biyar, an yi umarni a tattara gutsattsarin da suka rage har suka cika kwando goma sha biyu.

Wani kuma zai ce, ai ba a asara, almajirai da yaran unguwa suna cinyewa. Wannan magana ita ce mafi ciwo. Akwai bambanci mai nisa tsakanin yaron da aka zuba wa daga tukunya a kwano mai tsabta da wanda yake tsintar ragowar farantin wani a bayan katanga, yana kokawa da ƙuda, wani lokaci mai gadi na bin sa da bulala. Na farko sadaka aka yi masa. Na biyu kuwa an bar shi ne ya raba da juji, kuma idan amai da gudawa suka kama shi babu wanda zai danganta su da bikin gidan wane.

Gyaran yana farawa ne tun kafin a ɗora tukunya. Mai biki ya nemi sanin adadin baƙinsa, ko da ta hanyar wakilta mutum guda a kowane ɓangaren dangi da abokai ya kawo ƙiyasi, domin ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A rage yawan zaman da ake ciyarwa, a kuma rage nau'in abinci, kala biyu masu kyau sun fi shida da za a ɗanɗana a ture. A zuba kaɗan, a sanar cewa mai buƙatar ƙari ya nema, yara kuma a yi musu nasu ƙaramin kaso. Kada a buɗe dukkan kuloli lokaci guda, wanda ya rage a rufe shi ne zai yi saurin samun mai ci. A fara a kan lokaci, ko kuwa a raba abinci a lokacin da aka rubuta ko da amarya ba ta iso ba. Yarjejeniya da mai girki da mai zaure ta ƙunshi abu uku a fili: mutum nawa za a ciyar, ina ragowa za ta tafi, wa zai kwashe shara har zuwa bakin titi.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce a naɗa wakilin ragowa. Muna naɗa wakilin ango da waliyyin amarya da mai kula da kujeru da mai sanarwa, amma babu wanda aikinsa shi ne ya san makomar abincin da bai ƙare ba. A samu mutum guda mai amana, a ba shi Keke Napep da mazubai masu tsabta, ya san tun da rana inda zai kai: tsangaya, ko gidan marayu, ko masu jinya a asibiti, ko matafiya a tasha, ya kuma sanar da su suna jira. Akwai ƙa'idar lafiya da dole ya kiyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a firji ba, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin ma'aunin zafi 5 da 60, kuma zafin ƙasarmu yana gaggauta lamarin. Shinkafa musamman tana da ƙwayar cutar da gubarta ba ta mutuwa da ɗumamawa. Saboda haka a fitar da abin da aka tabbata ba za a ci ba tun taro bai watse ba, kada a jira sha biyun dare. Abin da hannu ya taɓa a faranti kuma kada a haɗa shi da mai tsabta, a ware shi ga masu kiwo ko masu haɗa taki. Rabon ma a yi shi cikin tsari, a kai wa mutane inda suke, kada a tara su a bakin ƙofa ana turereniya.

Wasu ƙasashe sun riga mu. A Saudiyya, inda walima ta fi tamu girma, an kafa bankin abinci mai suna Iɗ'am a Dammam a 2011, aikinsa tattara abincin da ba a taɓa ba daga bukukuwa da otal-otal, a shirya shi a mazubai a kai wa mabuƙata. Lardin Punjab na Pakistan ya yi doka a 2016 da ta taƙaita abincin biki zuwa kala guda, ta kuma wajabta tashi da ƙarfe goma na dare. Faransa a shekarar ta hana manyan kantuna lalatar da abincin da bai ƙare ba, Chaina kuma ta kafa dokar yaƙi da zubar da abinci a 2021. Ban ga alamar dokar ƙirga kalar abinci za ta yi tasiri a wurinmu ba, domin hukuma ba za ta iya leƙa kowace tukunya ba. Amma tana iya kama zaurukan biki, tunda da izininta suke aiki. Hukumomin tsabtace muhalli irin REMASAB a Kano da takwarorinta a sauran jihohi za su iya gindaya sharaɗi cewa kowane zaure ya tanadi mazuban shara a ciki da waje, ɗaya na ragowar abinci, ɗaya na roba da gwangwani, ya kuma ɗauki alhakin tsabtar titin da ke gabansa kafin gari ya waye. Shi kuma mai zaure ya karɓi kuɗin ajiya daga mai biki, ya mayar masa idan an bar wuri tsaf. Robar ruwa da gwangwanin lemo idan aka ware su ba sa kwana, 'yan jari-bola za su kwashe su suna godiya. Wannan sharaɗi ya hau kan masu gangamin siyasa da masu rabon buɗa-baki a watan azumi kamar yadda ya hau kan masu aure.

Mu ma da ake gayyata muna da namu kaso. Ɗebi abin da za ka iya cinyewa. Idan an zubo maka ya fi ƙarfinka, nemi a rage tun ba ka sa hannu ba, ko ka ƙulle ka tafi da shi gida, babu abin kunya a ciki. Shanye ruwan da ka buɗe kafin ka buɗe wani, ka kuma riƙe ledarka har ka ga mazubi. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, magoya bayan Japan da na Senegal sun tsaya bayan tashi daga wasa suna tsince sharar wurin zamansu, duniya ta yaba musu, kuma babu wanda ya ce darajarsu ta ragu. Mai sanarwa da ke kwashe awa guda yana kiran sunayen manyan baƙi zai iya ware minti ɗaya ya tuna wa jama'a wannan. Liman da ya ɗaura aure zai iya ƙara jimla biyu a cikin nasiharsa. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan unguwa kuwa ga aikin lada a ƙofarsu: su bar lambarsu a zaurukan biki, su zama masu kai ragowa inda ake buƙata, su fara da bukukuwan kammala karatu da walimar sauka da su kansu suke shiryawa.

Tunda tsoron bakin mutane ne ya jefa mu cikin wannan hali, bakin mutane ne zai fitar da mu. Ranar da mata a gidan suna da maza a majalisa suka fara yabon biki da cewa kowa ya ci, tsangayar unguwa ta samu, masu jinya sun samu, kuma da safe ba a ga leda ko ɗaya a layin ba, masu biki za su fara gasa a kan haka kamar yadda suke gasa a kan ado da anko. Kafin nan, duk wanda ke da biki a gaba ya zauna da iyalinsa da mai girkinsa su amsa tambayoyin nan uku tun kati bai fita ba.

Allah Ya sanya albarka a aurarrakinmu da abincinmu, Ya ciyar da wanda bai da shi, Ya kuma kare mu daga almubazzaranci. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.